Carbin da na sayo wa Gwaggo a tsibirin Girka

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah ki taimaka mini da shawara. Abin ya tsaya mini a rai, kuma ba na son faɗa wa kowa a nan Sokodé, don kafin la'asar ya zaga zongo.

Ni ba mai yawo ba ce. Karatun allo na yi, yanzu ina karantar da matan unguwarmu a tsakar gidana. 'Yata Hamida da ke aure a Faransa ita ta matsa na je wurinsu hutu, mijinta Salifou kuma ya rantse sai sun shigar da ni babban jirgin ruwan nan mai yawo gari-gari a Bahar Rum.

Kusan kullum sai mu wayi gari a wata tasha. A sauke mu, a zuba mu a bas, mai yi mana jagora ta ɗaga laima muna bin ta a guje, ga tsoron kada jirgi ya tashi ya bar mu. A Italiya an kai mu wani tsohon gari da tokar dutse mai aman wuta ta binne da mutanensa, na yi ta istigfari. A Malta na ji maganarsu kamar Larabci, har na tsinci wasu kalmomi. In an zo shiga majami'a sai na nemi inuwa na jira su. Na yi ta kiyayewa, Hajiya, wallahi na yi.

A wani tsibiri na Girka na ga tsofaffi zaune a bakin tasha, kowa da carbi a hannu yana ja. Raina ya yi fari, na ce ashe har nan akwai masu ambaton Allah. Su Hamida sun hau tudu ɗaukar hoto, ni kuma na shiga wani shago na sayi guda ɗaya, ruwan zuma, mai santsi. Gwaggo Talle na saya wa, ƙanwar mahaifina da ke Dapaong. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar uwata, yanzu idonta ya tafi.

Da na kai mata tsarabar har kuka ta yi. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta miƙa masa ya taɓa. Tsohon carbinta ma ta kyautar wa maƙwabciyarta Memounatou.

Kwanan baya na tura wa Hamida hoton Gwaggo riƙe da shi. Salifou ya kira yana dariya, wai wannan ba carbi ba ne, abin wasan hannu ne da mazan can ke kaɗawa suna shan kofi da taba. Na ƙara girman hoton na ƙirga: ƙwaya ashirin da uku. Ke nan tun dawowata Gwaggo na tasbihin bayan salla da ragi, kuma ni na jawo. In na faɗa mata, na kunyata ta a gaban duk waɗanda ta nuna wa. In na yi shiru, kullum ragin yana wuyana. Yaya zan yi?

Mai neman mafita, Sokodé

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Da farko ki sauke numfashi. Kin ga abu a hannun tsofaffi, kin kyautata musu zato, kin tuna wadda ta raine ki. Kuskure ne, ba ha'inci ba. Carbi abin ƙirge ne kawai, zikirin a baki da zuciya yake, kuma ban san malamin da zai ce Allah ya tauye wa tsohuwa lada a kan abin da ba da ganganci aka yi ba. Ki tambayi malamin da kika amince da shi don ranki ya kwanta.

Tsoronki na kunyata ta yana kan hanya, girman tsoho abin kiyayewa ne. Amma shiru ba zai yiwu ba. Yanzu kin sani, kuma hoton ya fita. Gara ta ji daga bakinki da ta ji daga bakin wani mai dariya. Ki fara da Hamida: ta ja wa mijinta kunne, maganar ta tsaya a nan.

Sannan ki hau mota ki tafi Dapaong da kanki, kada ki yi a waya. Ki tafi da carbi na sosai. Ki jira sai ɗaki ya rage ku biyu, ki faɗa mata yadda kika faɗa mini, har da tsofaffin bakin tasha. In ranta na kan wannan ɗin, ki nemi izininta ki kai wa masu shirya duwatsun wuya a kasuwa su ƙara ƙwaya goma. Ba wanda zai san an yi.

Abu na ƙarshe. Matar da ta tsufa tana jan carbi, bakinta da yatsunta sun san talatin da uku. Da wuya a ce ba ta ji ragin ba tun ranar farko. Ina kyautata zaton ta daɗe tana cike goman da gaɓoɓin yatsunta, ta yi shiru don kada ta kunyata ki. Idan haka ne, ku biyu kuna rufa wa juna asiri a kan abu ɗaya. Je ki sauke mata nata nauyin, ki sauke naki.

Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya, ya kai ki Dapaong lafiya.