Littafin Ɓerayen Nasiha

Dingaya, Gwaram.

Zuwa ga yayana Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya da iyali a can Fatakwal. Allah Ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdulillahi, an yi addu'ar arba'in, baƙi sun watse.

Yaya, ranar da motarsu ta kife a hanyar Gwaram, na je asibiti a Birnin Kudu, na ga 'yata a lulluɓe, amma ban gane ba. Sai bayan kwana tara, da ƙawarta Khuzaima ta kawo jakarta daga jami'a. Na zaro farar rigar aikinta, na ji ƙanzon tuwo a aljihu, wanda take ɗiba a kicin ɗina wai tsarabar ɓerayenta. A nan na gane ba za ta dawo ba. Ban yi kuka ba, na ninke rigar na je na ɗora girki. Mata suna ta yabona wai na riƙe kunyar 'yar fari. Ba kunya ba ce, Yaya. Ba na jin komai ne.

A jakar akwai littafin bincikenta. Da can ina tsokanarta cewa mu muna kashe ɓeraye a rumbu, ita tana yi musu hidima. Wata rana muna surfe ta yi min bayani. Ta ce macen ɓera ba ta karɓar namiji sai rana ɗaya cikin huɗu ko biyar, sauran ranakun harbinsa take yi. Wai wasu sinadarai biyu ne ke fitowa daga inda ƙwan haihuwa yake, su bi jini su taɓa wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwa, sannan ta tsaya ta gantsare baya. In an cire wurin ƙwan, ta daina ke nan, sai an yi mata allurar na farko, bayan kwana biyu a yi ta biyu. Na ce ta rufe min baki, ba maganar 'ya da uwa ba ce. Ta yi dariya ta ce in ba a fahimci na ɓera ba, yaushe za a taimaki matan da haihuwa ta yi wa wuya. Ban bari ta ƙarasa ba. Yanzu nakan ce ko ni ma wani abu ne ya daina kaiwa ƙwaƙwalwata, amma babu wadda zan tambaya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Babanta ya sa Munzali, ɗan ƙaninsa, ya karanta masa littafin. Da ya ji maganar barbara, ya ga zanen, ya ce a ƙone shi, ba zai bari a riƙa tuna 'yarsa da batsa ba. Ba mugunta ba ce, ciwo ne, ko abinci ba ya ci. Khuzaima kuwa ta ce malaminsu ya yarda ta ƙarasa aikin da sunan marigayiya, in littafin ya isa kafin ƙarshen wata. Na ce wa Malam, babanta, na ji, na ɓoye shi a ƙasan kwallata. Shekara ashirin da shida ban taɓa ɓoye masa komai ba. Kai kaɗai yake jin maganarka. Don Allah ka kira shi.

Sunanta yana bayan littafin da rubutunta. Nasiha. Ban taɓa kiran ta da shi ba, sai yau da na rubuta.

Ka gaishe min da Yaya Batulu, da Musaddiq da Halimatussa'adiya. Inna tana gaishe ka.

Littafin yana nan. Ta ja layi har na kwana sittin, ta cike arba'in da ɗaya. Saura sha tara.

Ƙanwarka,
Bara'atu