Rabin Saniya Mai Rai

Zuwa ga Shugaban Malaman Makarantar Boko,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan alheri mai yawa kamar damman gero a kakar albarka. Bayan haka:

Ni ne mahaifin Haruna, wanda hakimi ya ɗauka daga 'Yankuzo shekara huɗu da suka wuce ya kawo muku. Dangi suka ce na miƙa ɗana ga Nasara, na haɗiye maganar. Yanzu an karanta mini takardarku a Tsafe: wai ya faɗi lissafi, ba zai wuce babbar makaranta ba, in zo in ɗauke shi. Kwana uku ina jujjuya zancen, kaina ya ɗaure.

Na ɗaya. A jarrabawar, an ce ya raba shanu goma ga mutum huɗu. Ya rubuta cewa kowa ya ɗauki biyu, a bar biyun da suka rage a garke har su haihu, sannan kowa ya ƙara ɗaya. Haka kawunsa makiyayi yake yi a Bungudu, ba a taɓa jin kansu ba. Malaminku ya soke, ya ce amsa biyu da rabi ce.

Na ga rabin wata, na ci rabin waina,
Rabin saniya tana kiwo, ya fi ƙarfin kaina.

Na biyu. Sauran tambayoyin ya ba da amsa daidai, da ka, aka hana shi lada don bai zana hanya a allo ba. Ranka ya daɗe, in matafiyi ya iso Gusau lafiya, sai a ce bai iso ba don ba a ga sawunsa ba?

Na uku. Lokacin da aka koyar da rabi da rubu'i, kurkunu ya kwantar da shi mako shida. Da ya tashi, babu wanda ya maimaita masa. Laifin yaro ne, ko na ciwo, ko na wa? Wallahi ban gane ba.

In kuka koro shi, hannunsa ya manta fartanya, alƙalami kuma bai karɓe shi ba. Me zan ce wa dangi?

Roƙona, a koya masa abin da ya wuce shi, a sake jarraba shi bayan Sallah. In kuwa amsarku ta biyu da rabi ce gaskiya, ku aiko mini da hanyarta, domin akwai magada huɗu a Wonaka da suke jira in raba musu gadon shanu goma, ban kuma san wanda zan ba kai, wanda zan ba wutsiya ba.

Allah ya ƙara maka haske da adalci, ya kyautata ƙarshenmu.

Wassalam.
Malam Isa, 'Yankuzo.