Gurbin Fuskar Inna

Zuwa ga ƙanena Namfamo a Ostiya ta ƙasar Rum,

Gaisuwa mai yawa daga gida Tabarka, tare da fatan kana lafiya kai da Tekla da yara. Allah Ya tsare ka da ciwon baya irin na masu aikin durƙuso. Mu nan lafiya lau. An matse zaitun, Gwaggo Matrona tana nan tana faɗa da masunta kan kifi, wai tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin ɓarayi masu warin gishiri irinsu ba.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Ka san ya hana kowa taɓa daɓen adon kabarin Inna a majami'a, ya ce shi zai jera duwatsun da hannunsa. To, idonsa ya ja baya ƙwarai tun bayan tafiyarka. Yanzu ni nake ware masa 'ya'yan dutse a kasake, ja daban, rawayan da ake haƙowa a Simittu daban, yana lalube. Amma yatsun nan ba su manta komai ba. Ya yi kurciyoyi da furannin wardi, ya yi rigarta, layukan suna bin ninkin tufa har ka ce iska za ta ɗaga ta. Bakin Baba ma yana nan da kaifinsa. Mijina Sekundo ya zo taya shi, ya jera fararen duwatsu a miƙe har suka dunguri fiffiken kurciya. Baba ya shafa sau ɗaya ya ce a tone, wai wannan ai sojoji ne suka yi wa tsuntsuwa ƙawanya, kuma wai surukin nasa ya fi kyau da ɗaukar kwaɓi.

Ka tuna abin da yake kira layin rakiya, fararen da ke zagaye siffa suna bin lanƙwasarta kafin sauran fili ya miƙe. Sau nawa ya ja maka kunne a kansa, yana cewa siffa baƙuwa ce, ba a barinta ta fita ita kaɗai? Kuma kowa ya san siffar ake fara yi, rakiya ta biyo baya. To, makon jiya na same shi ya jera rakiya kewaye da inda babu komai. Ya fitar da zagayen kanta, da haɓarta, har da ɗan karkata wuyan da take yi in tana sauraron ƙaryarka. Tsakiya kuwa ya bar shi wayam, ko kwaɓi bai zuba ba. Na tambaye shi, ya ce fuska tana son ido, nasa sun ƙare, naka ne suka rage masu riƙe da ita. Ya ce kada in gaya maka, wai kai yanzu mai daɓa wa manyan Rum ɗakin wanka ne. Na fita waje na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Namfamo, jiragen ruwa masu dakon dutse sun kusa daina tashi, in teku ya rufe sai bazara. Ban sani ba ko a lokacin zai iya gane haske da duhu. Kullum da safe yana zuwa ya share gurbin da tafin hannunsa don kada ƙura ta zauna. Ka zo tun yana iya ganin ko da inuwarta ce.

Ka gaishe da Tekla da Rufina da ɗan autanku. Gwaggo ta ce ka taho mata da allura. Baba bai aiko gaisuwa ba, amma ya wasa gudumarka ta saran dutse.

Yayarka,
Namgidde