Hanyar Gawa ta Ƙarƙashin Tagata

Litinin, 8 ga Satumba, 1958

Ruwa kuma. Tun bazara na dawo gida Cressby, har yau da asuba nake farkawa ina jiran a busa bigila a bariki. Shekara ashirin da ɗoriya ina gwamnan lardi a ƙasar waje, yau babban hukuncin da na yanke shi ne ƙwai dafaffe ko soyayye. Na zaga lambu. Na shiga ɗakin karatu, na buɗe littafi, na rufe. Na sake zaga lambu.

Alhamis, 11 ga Satumba

Hanyar nan ce ta hana ni sakat. Ta taso daga ƙauye, ta ratsa lambuna, ta bi ƙarƙashin tagar ɗakin karatu, ta haura zuwa coci. Hanyar Gawa suke ce mata, don ta nan ake ɗauko mamacin ƙauye a kafaɗa tun kaka da kakanni. Amma masu rai sun fi binta. Kowa ya zo wucewa sai ya leƙo, ya taɓa hula, ya gan ni, Lord Aubrey guda, ina zaman kashe wando. Yau wata mata mai kwando ta wuce da hantsi, ta dawo da la'asar, ta tarar da ni a kujera ɗaya, yatsana kan shafi ɗaya. Na ga ta lura. Kunya ta kama ni kamar an kama ni ina satar nama a tukunya.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na sa an garƙama kwaɗo a ƙyauren lambu.

Yaya Winifred, wadda ta riƙe gidan nan duk shekarun da ba na nan, ta ajiye cokalinta ta ce in sa a cire kafin wani ya gani. Na yi mata bayani a tsanake. Can a Lardi haka nake yi: in hana abu, dattawa su yi gayya su zo, a ba su kujeru, a kawo shayi, su roƙa, in yi jim kamar mai nazari, sannan in sassauta; nan ma in sun zo zan ce na ba su ranakun Lahadi da na jana'iza. Kowa ya tashi da girmansa. A ciza a hura, mulkin ke nan.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Nan ba a roƙo, Aubrey. Sai dai a riƙe ka a zuci."

Mace ce mai son kai magana nesa. Na ba su mako guda.

Talata, 23 ga Satumba

Ba wanda ya zo.

Suna zagayawa ta titin mota, tafiya mai nisa, har tsofaffi masu sanda. A coci sun gaishe ni lafiya lau, ladabi har ya yi yawa. Na sa mai girki ta tanadi biskit saboda baƙi, ni na ƙarasa cinye shi. Tagar ta yi shiru. Abin da na nema ke nan, to me ya sa nake ta miƙewa ina leƙawa?

Asabar, 27 ga Satumba

Na kasa zama. Na buɗe akwatin ƙarfen da na zo da shi, na ciro hular gwamna mai gashin tsuntsu, asu ya ci gefenta. Na tuna Cecily. Matata tana can kan tudu a bayan gidan gwamnati, ba mai bin hanyar kabarinta sai awaki. Na mai da hular na rufe.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na je gaida Inna Dorcas, wadda ta yi rainona tun ina tsumma. Tana kwance a gidan ɗanta Jabez Tolley maƙeri, ta koma kamar tsinke. Ba ta taɓa ce min ranka ya daɗe ba, yau ma ba ta fara ba. Ta ce na rame, ta tambaya ko can ba sa ba ni abinci, ta ce in daina cizon farce. Sai ta kamo hannuna.

"Ta ƙarƙashin tagarka zan bi, Aubrey, yadda babana ya bi, yadda mijina ya bi. Ka sa a ɗaga labule. Ina so ka ga wucewata."

Ashe ba wanda ya gaya mata zancen kwaɗo. Jabez yana tsaye bakin ƙofa. Da ya rako ni waje na rage sauri, na gyara safar hannu, na ba shi duk damar da mutum zai ba ɗan'uwansa. Kalma ɗaya kawai nake jira. Ya dubi sama ya ce da alama za a yi ruwa.

Taurin kai irin na mutanen nan! Uwarsa ce fa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Inna Dorcas ta rasu da safe. Jana'iza ranar Asabar.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Yanzu dai dole su zo. Na sa an jera kujeru a ɗakin karatu, an kunna wuta, an ɗora ruwan shayi. Na shirya abin da zan faɗa, gajere, mai mutunci. Na zauna. Na tashi. Duk motsin da na ji a tsakar gida sai in gyara wuyan riga.

Da yamma Yaya Winifred ta shigo da takalmanta duk taɓo, ta ce Jabez ya yi magana da mai motar gawa na gari. Ta titi za su kai ta. Ta dubi kujerun da na jera, ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce matar da ta wanke min kashi za ta tafi coci a bayan mota kamar buhun dankali, don ina jiran a zo a durƙusa min.

Na ce ba durƙuso nake so ba, tsari nake so. Ko ni ban yarda da maganar ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na je maƙera da ƙafata. Maza uku na zaune, ba wanda ya miƙe. Ba kujera, ba shayi. Na tsaya da hula a hannu, hayaƙi na shiga min ido, sai na tuna dattawan da suka sha tsayawa haka a gabana. Ban taɓa tambayar kaina abin da suke faɗa a hanyar komawa gida ba.

Na ce na ba da izini a bi ta lambu gobe. Bakina ne ya saba, kalmar ta fita kafin in tare ta.

Jabez ya ajiye guduma. "Izini? Hanyar ba taka ba ce, ranka ya daɗe. Kwaɗon ne naka."

Ɗaya daga cikin mazan ya yi tari. Ƙafata har ta juya za ta fita. Na tuna hannun Inna Dorcas mai sanyi.

"Jabez, roƙonka na zo yi. Ku biyo da ita ta nan."

Ya dube ni. Sannan ya ce ai ya riga ya yi magana da mai mota, ya ɗauki gudumarsa ya ci gaba da aiki. Na tsaya kaɗan, na ga ba sauran magana, na fito. Ban iya cin abinci ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Da sassafe na buɗe kwaɗon da hannuna, na wangale ƙyauren, na tsaya a gefe cikin yayyafi. Ƙararrawar coci ta fara. Na kasa kunne wajen titi, ina jiran ƙarar mota. Shiru. Can sai ga su sun ɓullo ta ƙasan gona, baƙaƙen kaya a jere, akwatin a kafaɗa.

A bakin ƙyauren akwai wani faffaɗan dutse da ake ɗora gawa a huta, a canja masu ɗauka. Na sha zama a kansa ina yaro, na manta amfaninsa. Suka sauke ta a nan. Ba wanda ya dube ni. Jabez yana goge gumi ya ce, kamar da dutsen yake magana:

"Akwai gurbin mutum ɗaya a baya. In dai ba a baro kafaɗar a can Lardi ba."

Na shiga. Ba ta da nauyi, akwatin ne mai nauyi, ga santsi, ga mutumin gabana ya fi ni gajarta. Da muka zo ƙarƙashin tagar na tuna ban ɗaga labulen ba. Na ɗaga ido. A ɗage yake, aikin Yaya Winifred ne. Na hango kujerata daga waje, ita kaɗai a tsakiyar ɗaki, da sauran kujerun da na jera ba kowa a kai. Ashe abin da suke gani ke nan. Na yi kuka, ruwan sama ya rufa min asiri.

Talata, 14 ga Oktoba

Kafaɗata har yau ba ta ɗaguwa. Na sa an cire ƙyauren an kai maƙera, ƙarfensa ya yi tsatsa, dalilin ke nan kawai. Jabez ya aiko cewa aiki ya yi masa yawa, sai ko baɗi. Na ce ba gaggawa.

Matar nan mai kwando ta wuce da hantsi. Na ɗaga taga don iska ta shigo. Sunanta Hester Pugh, kajinta sun daina ƙwai, kuma a ganinta laifin sabon hatsin da ake sayarwa ne. Ta ce gobe ma za ta wuce.

Ba jiranta nake ba. Na dai matso da kujerar kusa da taga, haske ya fi kyau a nan.