Waƙar Agwagwa a Sallar La'asar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau, aikin ba wuya. Sai dai tsohuwar da nake jinya ba ta cin abinci sai na kunna mata wani tsohon fim, agwagwa da jaki suna hira suna rera waƙa. In na kashe, kuka take kamar yarinya.

Jiya a La'asar ina tsakiyar sura, ayar gaba ta ɓace mini, waƙar agwagwar ce ta zo bakina. Sai da na sake sallar.

Don Allah ki ɗauko mini karatun Inna a waya, yadda take biya mana. Kada ki faɗa mata dalili. Ki ce kewar muryarta nake, wannan ma ba ƙarya ba ce.

Ƙanwarki