Rumfar Masu Jinya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya yara, ya maigidan? Ina fata ciwon ƙafar nan ya lafa.

Ki yafe shirun da na yi, aiki ne ya sha mini kai. An danƙa mini ginin tashar wutar sola a babban asibitin garin nan, ni ne shugaban aikin. In muka gama, janaretocin da ke turnuƙe masu ciwon ƙirji da hayaƙin dizal za su huta. Amma gini a cikin asibitin da ke cike da marasa lafiya, Yaya, kamar yi wa mai gudu aski ne. Ba dama ka ɗauke wuta, ga ɗakin tiyata, ga jarirai a kwalba. Ka haƙa ramin waya, a ce ka tare hanyar motar asibiti. Ka tada injin kwaɓa siminti, shugabar nas-nas ta fito da faɗa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rumfar masu jinya da ke bayan ɗakin maza, don nan za mu gina ɗakin batura. Matan nan sun mayar da ita gida: tabarmi, bokitai, risho, har da igiyar shanya. An yi roƙon duniya su tashi, sun ƙi. Rannan manyan kamfani suna hanya, katafila na tsaye tana shan mai, sai raina ya ɓaci. Na ɗaga murya na ce nan asibiti ne, ba kasuwar ƙauye ba. Na sa ƙafa na yi fatali da wani kwando, kwanuka suka watse. Kafin ki ce me, wuri ya zama fili. Manyan da suka iso har dafa kafaɗata suka yi. Kin san mutanenmu, sai da tsawa.

In kun yi waya da Gwaggo ki gaishe ta, na kwana biyu ban leƙa ta ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa, mu nan lafiya lau. Na karanta takardarka. Na ɗauki waya zan kira ka, na ga bakina ba zai iya ba.

Ba sai na gaishe maka da Gwaggo ba, ai kun gaisa. Kwandon nan nata ne.

Mijinta, Baba Tela, yana kwance a ɗakin mazan nan tun kafin ku fara haƙa. Numfashi ne ya ƙi, an sa masa robar iska a hanci. Ita ta hana ni gaya maka, har da rantsar da ni. Ta ce, "Yaron nan ya zama babba a wurin, kada in je da kodaɗɗen zanena in zubar masa da girma a gaban ma'aikatansa." Amma kullum tana hango ka daga rumfar da farar hularka ta kwano, tana zungurar matan tana cewa, "Kun ga injiniyan can? Ni na goye shi."

To ranar da ka fara faɗa, duk sai suka juyo suna kallonta, suna jira ta yi magana. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta durƙusa a gabanka tana tsince kwanuka. Wata ta ce mata, "Iya, ba wannan ne ɗan naki ba?" Ta ce, "A'a, kama ce ta ruɗe ni. Nawa ba ya nan garin."

Da dariya ta ba ni labarin, wai ka yi ƙiba. Ni ce na yi kukan.

Auta, matar da ta ɗauke mu ranar da Inna ta rasu, ta haɗa mu da 'ya'yanta a kwano ɗaya. Ban ce kada ka yi aikinka ba. Amma ko ba ita ba ce, ƙafa?

Allah Ya shirya mini kai.
Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba.

Na tuna matar. Na ga hannunta a kan murfin kwano, har na ce mata, "Iya, yi sauri mana." Hannun da ya yi mini wanka, ban gane shi ba.

Na bi sawun matan na ga inda na kora su. Suna jikin katangar mutuware, cikin rana, kusa da bola. Ban taɓa tambayar inda za su koma ba, a taswirata wurin fili ne kawai. Na je wa shugaban asibiti, ya yarda mu kafa musu sabuwar rumfa a ƙarƙashin farantan sola na bakin ɗakin maza, da famfo da benci. Kafintocina sun gama. Na tsaya a gabansu zan ba da haƙuri. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Injiniya, yau ba ƙwallo?" Suka kwashe da dariya. Gwaggo ba ta cikinsu, an ce yanzu ba ta fitowa daga gefen gadon Baba Tela.

Jiya muka mayar da ɗakin maza kan sabuwar wuta. Ni na riƙe makunnin, na san numfashin Baba Tela na rataye da wayar nan, gumi har cikin takalmina. Fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ma'aikata na ta tafi, ni kuwa na sulale.

Kullum ina zuwa ƙofar ɗakin. Ina hango bayanta ta taga tana masa fifita, sai in juya. Na aika da leda cike da kaya ta hannun wata nas, ta dawo mini da ita. Me zan ce mata, Yaya? Ta ce nata ba ya garin nan, kuma gaskiya ta faɗa.

Ki sa ni a addu'a.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Nas ce ke rubuta mini, ni Gwaggonka ce.

Abin da ka yi bai yi kyau ba, kuma ka sani, ba sai na maimaita ba. An ce kana zuwa bakin ƙofa ka juya. Ni ba leda nake so ba.

Likita ya cire wa babanka robar, gobe da safe za a sallame mu. Ba zai iya taka matakala ba, ni kuma bayana ya gaji. Ka zo ka goye shi zuwa mota. Ka biyo ta gaban matan nan, ina so in nuna musu ɗana.

Allah Ya yi maka albarka.
Gwaggo