Agogon Shugaban Tasha

Litinin, 6 ga Oktoba

Shugaba Ozeki ta kira ni ofis bayan na gama wana agoguna. Da kanta ta zuba mini shayi, a nan na san akwai magana. Hukumar gari ta yanke shawara: ƙarshen wata za a rufe gidan tarihinmu, a sayar da agogunan aljihu duka arba'in da ukun. Rufi yana yoyo, masu ziyara sun ɗauke ƙafa. "Baba Kurihara, ka yi haƙuri, na yi iya yina." Na ce na ji.

Shekara talatin da ɗaya ina wana su kowace safiya.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Masuda mai awara ya riga ya ji labari. "Tsoho, an sallame ka ke nan? Zo ka riƙa wana mini injin niƙa." Na ce awararsa ma gidan tarihi ya kamata a kai ta, saboda tauri. Ya ƙara mini guda a leda, bai dube ni ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Lamba goma sha bakwai ne ya tsaya mini a rai. Agogon marigayi shugaban tashar jirgin ƙasa, mijin Kaka Chiyo. Na azurfa, murfin ya sha hannu har zanen furen ya kusa shafewa. Lokacin da nake zuwa koyon gyaran agogo a birni, kullum da safe ina ganin mutumin a bakin tasha, farin safar hannu, ya ciro agogon daga aljihun ƙirji, ya duba, sannan ya busa usur. Ko a shekarar da ƙanƙara ta rufe layin dogo kwana uku, sai da ya riƙa fitowa yana dubawa, ba jirgi ba dalilinsa. A wannan tashar na fara ganin matata Fumie, da lema ja. Yau shekararta shida a ƙasa.

Ranar da Kaka Chiyo ta kawo agogon naɗe cikin gyale, ni na karɓa. Na ce mata muddin ina numfashi yana nan garin. Wa ya aike ni?

Talata, 14 ga Oktoba

Na kai har ƙofar gidan kula da tsofaffi inda Kaka Chiyo take. Na juyo.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Mai sayen ta zo. Sunanta Hayama, tana da shagon tsofaffin agoguna a birnin Kobe. Na shirya ƙinta tun daga gida. Na zaci irin masu jinjina kaya a tafin hannu ne su ji nauyin azurfa.

Sai ta nemi wurin wanke hannu kafin ta taɓa komai. Ta kara kowanne a kunne, ido rufe. Da ta buɗe bayan lamba tara, wanda wani mai safarar siliki ya zo da shi daga Turai tun zamanin kakanni, ta daɗe tana leƙen haƙoran injinsa da gilashin ido.

"Wannan haƙorin ba na asali ba ne. Wa ya sassaƙa shi?"

Na ce wani ne can.

"Wanin nan yana da haƙuri," in ji ta.

Sati uku na yi a kansa, a daminar shekarar tamanin da tara. Ba wanda ya taɓa lura, har Fumie.

Ta roƙe ni in rubuta wa kowane agogo 'yar takarda: halinsa, inda ya fito, abin da ba ya so. Ta ce wanda ya saya ya tafi da ita. Na ce ni ba magatakardanta ba ne. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na je. Kaka Chiyo ta kai casa'in da uku, amma kanta garau. Na kai mata lemo, na ɓare mata, na yi ta kewaye-kewaye.

"Shozo," ta kira ni da sunana na yanka, "ka faɗi abin da ya kawo ka, an kusa kiran mu wanka."

Na faɗa. Na sunkuyar da kai na ce na karya alkawari.

Ta tauna lemonta ta haɗiye. "Wane alkawari? Kai ka yi abinka, ni ban roƙe ka ba. Na kawo maka shi ne don ƙararsa tana hana ni sakewa a ɗaki." Ta ce mijinta bai taɓa ajiye agogon nan a kan tebur ba, ko wanka zai shiga a ƙusa yake rataye shi kusa da ƙofa. "Ni tausayinsa nake ji, kwance cikin gilashi kamar mara lafiya. A ba mai aljihu."

A mota ina dawowa na ji haushinta. Shekara ashirin ina ɗauke da maganar nan ni kaɗai ashe.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Na wana su na ƙarshe. An naɗe, an jera a akwatuna. Da aka ɗaga akwatin farko ana jin ƙararsu a ciki, ƙasa-ƙasa. Ozeki ta koma ofis ta rufe ƙofa. Ni na tsaya har motar ta sha kwanar asibiti.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na tashi ƙarfe shida, na sa takalmi. Sai na tuna.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Ruwa tun Laraba, ba halin shiga lambu. Don kada in zauna haka nan ne kawai na ɗauko takardu. Lamba tara: ba ya son sanyi, yana jinkiri da minti biyu a hunturu, kada a yi masa faɗa. Lamba goma sha bakwai ya ci shafi uku, na sa har da farin safar hannun. A ƙasa na rubuta: a sa shi a aljihu, a yi yawo da shi.

Saura ashirin da shida. Ban ce zan aika ba. Na dai tambayi Masuda ko jirgin Kobe har yanzu sai an sauya a hanya. Ya ce me zan je yi a Kobe. Na ce tambaya ce kawai.